Kawu Mai Sa Faifai na Sabon Gari

Shiru ne ya fara gaya min. Ina kicin ina tankaɗe garin lalle bayan azahar, sai kaset ɗin karatun da ke ɗakin Kawu ya kai ƙarshe, rikodar ta yi ƙas, ba abin da ya biyo baya. Na tsaya da rariya a hannu ina jira. A gidanmu na Sharafiyya ba a yin haka. Rikoda biyu gare shi, ɗaya a dama da kujerarsa, ɗaya a hagu, kafin wannan ta ƙare ya riga ya danna waccan. Tun da na zo Jidda ban taɓa jin tsakaninsu ba. Na kira shi, "Kawu?" Na'urar sanyi kawai ke gurnani, sai hayaniyar yara a layi. Na ajiye rariyar na nufi ƙofarsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar ya cika, a hanyar asibiti.

Ƙanin kakata ne, wadda ta haifi Mama. Mama ke ce masa Kawu, muka taso muka ji, muka ɗauka. Da na gama sakandare a Kano muka zo umra ni da ita, ta koma ta bar ni in riƙa kula da shi, ina yi wa mata ƙunshi gida-gida. Shi yana da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ni ba ni da ko takarda ɗaya. Sai an riƙe wannan za a gane sauran.

Ban zauna zaman makokinsa ba. Ina ɓoye a unguwar Khumra, can bayan gari, a ɗakin wata baiwar Allah mai wanki da guga. Abin da na sani jikar Goggo ce ta riƙa gaya min ta waya. Goggo ba jininmu ba ce, tsohuwa ce da ke zaune a ƙasan benenmu, a falonta aka karɓi gaisuwa. Jikar tata sa'ata ce, haifaffiyar Jidda, Hausarta rabi Larabci.

"Wallahi ya ukhti, mutane katir," in ji ta. "Har kan matakala."

Ta ce liman ya yi bayanin yadda Kawu ya shekara da shekaru yana gyara lasifikar masallacin layinmu don Allah. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, wani tsohon Balarabe mai shagon kayan lantarki, ya zauna yana share hawaye da gefen gyalen kansa. Mata kuwa tsaftarsa suka riƙa yabo: ba a taɓa ganin mutumin nan da yamutsattsiyar riga ba. Sai wasu tsofaffi da suka zo daga Waziriyya. Ɗayansu ya yi murmushi ya fara, "Ai da, a Sabon Gari, in mutumin nan ya hau kan…" Na kusa da shi ya yi tari, ya ɗaga murya, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Aka shafa, maganar ta mutu. Kakata ma da ta bugo daga Kano cewa ta yi, "Allah ya sa zaman ƙasar nan ya wanke shi."

Kowa ya fara lissafin rayuwar Kawu daga ranar da ya sauka daga jirgin alhazai, kamar an haife shi da furfura. Ni ce wadda ya ba labarin sauran. Na gaza masa a ranar da ya fi bukatata, ba zan kuma gaza masa a wannan ba.

Kawu mai sa faifai ne a gidan disko. Shi da bakinsa haka yake faɗa, ba ya sassauta murya. A zamanin da yake saurayi, a wani gidan rawa a Sabon Garin Kano, shi ne a kan ɗan dandamali, garmaho biyu a gabansa, abin ji a kunne ɗaya. Kunnen nan na hagu ya mutu tun tuni, in zan yi masa magana sai na zagayo dama.

Da hantsi yake ba ni labari, yana warware cikin tsohuwar rediyo, ni ina kwaɓa lalle. Amarya yake ce min, irin wasan kaka da jika.

"Amarya, ke kina ganin sa faifai aza shi ne kawai a kan allura? Ƙafafu ake kallo. Fuska tana ƙarya, ƙafa ba ta yi."

Ya ce kullum yakan zaɓi mutum ɗaya da ya ƙi tashi, galibi wata nas da ta taso aiki a gajiye ta zauna a lungu da kwalbar lemo. Ita yake yi wa kiɗan. In ya ga yatsun ƙafarta sun fara motsi cikin takalmi, ya san ya kama hanya. In ta miƙe, to gidan ya kama wuta. Ya ce yakan ɗora kwabo a kan hannun allurar don kada ta yi tsalle in masu rawa sun buga ƙasa. Ya ce ana barbaɗa hoda a daɓe don takalmi ya yi santsi. Akwai wata ƙwallon madubi a rufin ɗakin da igiyarta ta lalace, sai an sa sandar tsintsiya an juya ta.

"In aka ɗauke wuta fa?" na tambaye shi.

"Sai in buga teburi da tafin hannu, in ja waƙar daga inda ta tsaya, su amsa, har janareta ya tashi. Babban abin kunyar mai faifai shi ne a ji shiru. In aka ji shiru mutane suna tuna gidajensu."

Ya lissafa min masu zuwa: ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, malaman makaranta 'yan Gana, ɗaliban jami'a, 'ya'yan Kwarori masu kantuna. Da kuma 'ya'yan manyan gidajen cikin birni, waɗanda ke zuwa da babbar riga, su tuɓe ta a mota, su fito da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana sharar ƙasa.

"Wasunsu yanzu in sun zo umra da rawani, mu haɗu a Harami, sai su kau da kai. Ni kuwa na san ƙafar kowa. Na san wanda ba ya bin kiɗa."

Na taɓa tambayarsa ko tuba ce ta kawo shi Jidda. Ya yi dariya har ya ajiye sukudireba.

"Kaset ne ya kore mu, amarya. Kowa ya sayi rikoda, ga rayuwa ta yi tsada, gidan ya koma wurin ajiye siminti. Na biyo alhazai ina ɗaura musu lasifika a tanti, da aka gama na ƙi komawa." Ya sake ɗaukar sukudireban. "Giya na sha, na bari, na roƙi gafara, har gobe ina roƙo. Sauran kuma tsakanina da Ubangijina ne. Amma ba zan ce miki ban ji daɗin ganin mutane suna murna ba. Ƙarya ma zunubi ce."

Na dai san ban taɓa ganin ya rasa jam'i ba.

Faɗansa da Goggo kuwa abin kallo ne. Shi ya rantse ita ce mai sayar da tikiti a ƙofar gidan rawar nan, kuma in aka kusa tashi takan rufe taga ta shigo fili, ba mai iya karawa da ita. Ita kuma ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba sai a Jidda. In ta hawo kawo mana tuwo sai ya tare ta.

"Hajiya, ƙafar nan ta hagu har yanzu tana riga ta dama?"

"Ciwon gwiwa ne, tsohon banza."

"Tun kina da gashi kamar kwando yake damun ki?"

"A'uzu billahi. 'Yar nan, karɓi kwanon, kafin in kifa masa a ka."

Sau ɗaya abin ya wuce wasa. Ya yi maganar a gaban surukarta, Goggo ta sauka, ta ɗauke mana tuwo da gaisuwa har aka ga watan azumi. Shi ya sauka da kansa, ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Hajiya, na yi kuskure, wata ce mai kama da ke." Ta ce, "Yanzu ka yi hankali." Ya juyo yana hawa matakala, ya raɗa min, "Ita ce."

Alherinsa gare ni ba ya faɗuwa, amma ɗaya zan ambata. Farkon zamana, bayan bizata ta ƙare, ko shagon ƙasa ba na iya zuwa. In na hango motar askar, 'yan sandan ƙasar, sai in daskare, ko in hau sauri. Wata rana ya ce in sa abaya mu fita.

"Wanda ya shigo fili yana jin tsoro, daga ƙofa ake gane shi. Ba ya bin kiɗa. Ko ya yi gaba da shi, ko ya makara. Ki bi nawa."

Ya shiga gaba yana kaɗa mukullansa a jikin cinya, cas, cas, cas, ni ina biye ina aza ƙafa a kan kowane kaɗi. Muka wuce masu shawarma, muka wuce motar askar a bakin mararraba, ba wanda ya ko dube mu. Har kasuwa muka je muka dawo. Da wannan tafiyar na yi ta shiga unguwannin Jidda da jakar lallena.

Sai gayunsa. Wannan disko ne ya bar masa. Kawu ba ya fitowa ko falo sai da gogaggiyar tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, gemu a taje, turare a wuya. Ko mai kawo gas ne ya buga ƙofa sai ya ce, "Tsaya, in sa riga." Yakan ce, "Mai faifai ba ya bari a gan shi a yamutse. In na mutu ma, amarya, kada ki bari ƙattai su shigo su same ni da singileti." Dariya na yi lokacin.

Yanzu zan koma ranar.

Na same shi a ƙasa, tsakanin kujera da wani babban akwatin lasifika da aka kawo gyara. Goshinsa ya bugi kusurwar akwatin ya fashe, jini a fuskarsa, a singiletinsa, a kan tayil. Yana numfashi, da ƙarfi, kamar mai minshari. Idonsa a rufe.

Wayata na hannuna. Na san lambar motar asibiti. Amma a wurinmu akwai abin da ake koya wa kowane sabon zuwa tun kafin ya san hanyar kasuwa: mai takarda ne ke kira. In abu ya faru a gida, marar iƙama ba ya buga waya, ba ya buɗe ƙofa, ba ya bari a same shi. Ya nemo mai takarda, shi ya ɓace. Ana cewa motar asibiti ba ta zuwa ita kaɗai in akwai jini, da askar take zuwa, daga nan sai ɗaukar hoton yatsu, sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi. Ban san iya gaskiyar abin ba. Ban taɓa gwadawa ba, ranar ma ban gwada ba.

Na sauka a guje wurin Goggo. Ƙofa a kulle. Na buga mata waya, tana wurin gashin gwiwa, ba ta ɗauka ba. Jikarta na makaranta. Sauran mutanen benen 'yan Bangaladash ne da 'yan Yaman, mazan duk sun fita aiki, ban kuma san wa ke da takarda a cikinsu ba. Na koma sama. Na danna lambar, na goge. Na sake dannawa, na goge. Ina ta cewa yanzu Goggo za ta kira, yanzun nan.

Da na rasa abin yi, sai na yi abin da na san yana so. Na ɗebo ruwan ɗumi na wanke masa fuska. Na ɗaure goshin da tsumma mai tsabta. Na yanke singiletin da almakashi na jefa a shara, na ɗauko farar tob da na goge da safe, na yi ta fama har na zura masa. Na taje gemun. Na goge tayil tas, har da sabulu. Ina yi ina kuka ina cewa, "Kawu, ba za su same ka a yamutse ba." A raina gani nake taimakonsa nake yi.

Ana kiran la'asar Goggo ta iso. Ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Tun yaushe?"

Na dubi tayil ɗin da na goge.

"Wa ya ce ki wanke? Wayyo 'yar nan, wa ya ce ki wanke?" Tana faɗa tana danna waya. "Ɗauki abayarki da jakarki. Kada ki bar ko ɗan kunne. Yalla, fita!"

Na fita. Yana numfashi na fita. Na taka matakalar nan a hankali, na bi layi da tafiyar da ya koya min, motar asibiti ta wuce ni tana jiniya, ban waiwaya ba.

Abin da na yi don mutuncinsa shi ya zama abin tuhuma. Askar suka ga tsoho da fasasshen kai, cikin sabuwar riga ba ɗigon jini, ƙasa tana ƙamshin sabulu, ga yankakkiyar singileti a shara. Suka ce wa ya wanke, wa ya canza masa kaya, me ake ɓoyewa. Mai gadin bene ya ce akwai wata yarinya da yake gani tana hawa da sauka. Aka hana gawar, aka ce sai likitan bincike ya duba.

Mutanen da suka cika falon Goggo suna yabonsa, ga abin da suke tambayar juna a kan matakala: me ya sa har yanzu ba a ba da shi ba? Mutumin kirki irin wannan, yana kwance a firjin asibiti, ba wanka ba sutura? Jikar Goggo tana gaya min, ni ina zaune a Khumra tsakanin tulin kayan wankin mutane, na san amsa. Ni ce. Duk motar da ta tsaya a bakin sito na gaba, sai in shige bayan labule. Ko abinci ba na iya ci. Ban san wanne nake tsoro ba, a kama ni a ce ni na kashe shi, ko a tambaye ni tun yaushe.

Goggo aka yi ta kira ofis. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta je ta zauna a benci ta ce ita ta same shi, ita ta wanke, don a garinsu ba a barin namiji babba cikin jini. Yarinyar da mai gadi ke gani kuwa jikarta ce mai kai abinci. Ta rantse musu. Wannan rantsuwar ma a wuyana take.

Ya Allah, ga bawanka. Ka san dararen Sabon Gari, ka san asubahin Sharafiyya, ba sai wani ya ɓoye maka rabi ba. Ka yi masa rahamar da ta fi aikinsa, ka haskaka makwancinsa, kada ka kama shi da jinkirin da ba shi ya yi ba.

Ran Alhamis da yamma aka buga ƙofar ɗakin Khumra. Na shige bayan labule. Sai na ji muryar Goggo tana haki.

"Fito, ni ce. Wannan uwar tafiya, sai ka ce bayan duniya."

Ta zauna a kan ƙullin wanki, ta miƙe ƙafa, ta ajiye leda mai kwano a ciki. Ta daɗe tana murza gwiwa kafin ta ɗago.

"An rufe shi bayan azahar. Mutane sun yi yawa, sahu har waje."

Na durƙushe a gabanta.

"Takardar likita ta fito. Jijiya ce ta fashe masa a ka, faɗuwar daga baya ta zo. Askar sun ce halas, sun rufe maganar."

"Goggo, da na kira da wuri…"

"Likita bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba."

"Ya farfaɗo a motar? Ya neme ni?"

Ta dube ni sosai. "Bai buɗe ido ba. Kada ki sa in ƙirƙiro miki, na yi rantsuwar da ta ishe ni a makon nan." Ta tura min ledar da ƙafa. "Ba mai neman ki. Ba sunanki a ko'ina. Kin tsira, 'yar nan. Ci abinci."

Na so a ce kukan Kawu ne ya fara zuwa min. Ba shi ba ne. Wani sanyi ne ya sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa, daɗi, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Na buɗe kwanon, shinkafar sadakarsa ce, da sauran ɗuminta. Na sa hannu na cinye tas, Goggo tana kallona.